Abinci Mai Gina Jiki da Kayan Zaƙi ga Masu Ciwon Ƙoda: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar likita ya ce wa mutum ƙodarsa ta samu matsala, abu na farko da 'yan uwa ke yi shi ne ɗauke masa nama, ƙwai, wake da madara gaba ɗaya, a bar shi da koko da farar shinkafa. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa ana maganin ƙaba ne kai na kumbura: mara lafiya ya rame, ƙarfinsa ya ƙare, ƙananan cututtuka su riƙa kayar da shi. Amsoshin da ke ƙasa na manya ne masu ciwon ƙoda mai daɗewa. Alƙaluman da muka kawo ma'auni ne na gaba ɗaya, sakamakon gwajin jinin mutum da umarnin likitansa su ne ke yanke hukunci.

Wani likita ya ce a rage nama, wani ya ce a ƙara. Wanne ne daidai?

Duka biyun na iya zama daidai, domin masu ciwon ƙoda ba a taru an zama ɗaya ba. Idan jiki ya sarrafa furotin, wato sinadarin gina jiki, yakan bar dattin da ake kira yuriya, kuma ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. Wanda ƙodarsa ta yi rauni amma bai fara wankin ƙoda ba, yawan furotin na ƙara wa ƙodar aiki, dattin ya taru a jini, ya kawo tashin zuciya, kasala da ɗacin baki. Shi ne ake ce wa ya rage.

Wanda ya fara wankin ƙoda kuwa lissafinsa ya juya. Na'urar ba ta bambanta datti da abin amfani yadda ƙodar Allah take yi. A kowane zama na awa huɗu tana kwashe kimanin giram 6 zuwa 12 na tubalan furotin daga jini, kuma wankin kansa na sa tsoka ta narke. Mai wankin ciki, wanda ake zuba masa ruwa ta bututu a ciki, shi ma yana asarar giram 5 zuwa 15 na furotin kullum. Waɗannan su ake ce wa su ƙara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya shekara yana wanki amma gidansu na nan a kan dokar da aka ba su tun kafin ya fara.

Giram nawa ke nan a rana?

Ana lissafawa da nauyin jiki, kuma nauyin da ake nufi shi ne na bayan an cire ruwan kumburi.

Wanda bai fara wanki ba, kuma gwajin eGFR ɗinsa, wanda ke auna ƙarfin tacewar ƙoda, ya yi ƙasa da 60 (mataki na 3 zuwa na 5 cikin matakai biyar na ciwon): ƙa'idar 2024 ta KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, ta ce giram 0.8 ga kowane kilo a rana, kuma kada a haura 1.3. Ƙa'idar KDOQI ta Amurka ta 2020 ta sauko har 0.55 zuwa 0.6 ga marasa ciwon suga, da 0.6 zuwa 0.8 ga masu suga, amma wannan ƙaramin adadin sai da kulawar masanin abinci na asibiti. Mai kilo 60 zai ci giram 33 zuwa 48 ke nan.

Mai wankin ƙoda: giram 1.0 zuwa 1.2 ga kowane kilo. Mai kilo 60 na buƙatar giram 60 zuwa 72.

Kada a ɗauki giram na furotin a matsayin giram na nama. Dafaffen nama mai girman kwalin ashana, kimanin giram 30, furotin giram 7 ke cikinsa. Mai girman tafin hannu ba tare da yatsu ba, kimanin giram 90, yana ba da giram 21 zuwa 27. Ƙwai guda giram 6, farinsa kaɗai giram 3.6. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa giram 4, yankan burodi giram 2 zuwa 3. Tuwo da shinkafa da burodin da ake ci a yini kan ba da giram 15 ko fiye tun kafin a taɓa nama, don haka su ma suna cikin lissafi.

Ga yadda yinin mai wanki mai kilo 60 zai iya kasancewa. Da safe ƙwai guda da farin ƙwai 3 a soya tare da albasa, da yankan burodi 2: giram 22. Da rana shinkafa kofi ɗaya da rabi da tsokar kaza mai girman tafin hannu: giram 31. Da dare tuwon shinkafa da ɗanyen kifi dafaffe giram 60: giram 18. Jimla 71. Wanda bai fara wanki ba sai ya tsaya a ƙwai guda da safe, ya raba naman rana biyu, ya rage kifin dare, ya sauka wajen giram 42 zuwa 45.

Abu guda da ake mantawa: idan abinci mai ba da ƙarfi bai isa ba, jiki zai ƙona furotin ɗin a matsayin makamashi, ya zama an yi asara. Ana so a samu kalori 25 zuwa 35 ga kowane kilo, wato 1,500 zuwa 2,100 ga mai kilo 60. Man gyaɗa, man zaitun, shinkafa, taliya da garin masara da aka surfe su ne ke cike wannan gurbin. Man gyaɗa ba ya ɗauke da sinadaran da ke cikin ita gyaɗar, don haka ba a hana shi.

Yara ma ana rage musu?

A'a. Yaro mai ciwon ƙoda yana buƙatar furotin don ya girma, haka mace mai juna biyu. Tsoho mai rauni da wanda ya riga ya rame ko yake kwance a asibiti su ma ba a matsa musu. Likita ne ke tsara wa waɗannan nasu.

Me ya sa kullum ake maganar farin ƙwai?

Saboda matsalar abinci mai gina jiki ita ce ba ya zuwa shi kaɗai. Kusan duk inda furotin yake, wani sinadari mai suna fosfaras na biye da shi, ƙodar da ta gaza kuwa ba ta iya fitar da fosfaras. Idan ya taru a jini yakan jawo ƙaiƙayin da ba ya jin magani, ya zuƙe kalsiyam daga ƙashi har ƙashin ya yi rauni, sannan ya haɗu da kalsiyam ɗin su daskare a jijiyoyin jini da na zuciya. Yawanci ana so mai wannan matsalar ya tsaya a miligiram 800 zuwa 1,000 na fosfaras a rana. To yaya mai wanki zai ci furotin giram 70 bai haura wannan ba?

A nan farin ƙwai ya yi zarra. Farin ƙwai guda na da furotin giram 3.6 da fosfaras miligiram 5 kacal. Ƙwai cikakke na da kusan miligiram 95, mafi yawa a gwaiduwa. Kofin madara na ba da furotin giram 8 amma da fosfaras kusan miligiram 230. Farin ƙwai 6 na ba da abin da nama mai girman tafin hannu ke bayarwa, da fosfaras miligiram 30 maimakon kusan 200. Ga shi ana samunsa a kowace unguwa, ya fi nama araha, kuma ba shi da ƙarnin da ke tayar wa masu ciwon ƙoda zuciya. Gwaiduwar ba haramun ba ce, guda ɗaya a rana ba ta da laifi ga yawancin mutane, sauran a ba yara.

A dafa shi ya nuna. Shan ɗanyen ƙwai a cikin madara ko lemo, kamar yadda wasu ke yi wa mai jinya don ya samu jini, na iya kawo gudawa mai tsanani, kuma jiki bai cika amfana da ɗanyen furotin ɗin kamar dafaffe ba.

Wane nama da wane kifi?

Tsokar kaza, zabo, naman sa, na rago ko na akuya marar kitse, da ɗanyen kifi irin karfasa da tarwaɗa duk suna da kyau. Hanta, ƙoda da ƙwaƙwalwa fosfaras ɗinsu ya yi yawa: dafaffiyar hantar sa giram 100 na kusantar miligiram 500. Kifin gwangwani, ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, da garin kirafish su ma haka, domin fosfaras a ƙashi yake zaune. Ganda ba ta da wannan laifin sosai, amma furotin ɗinta ba cikakke ba ne, kada a ƙirga ta a madadin nama.

Kilishi, tsire, balangu da dambun nama na kasuwa matsalarsu gishiri da dunƙule, ga ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin da kuma wanda ake tsoma kilishi a ciki. Kilishi busasshe ne, ɗan yanki kaɗan ya tara abin da ke cikin nama mai yawa. Mai kwaɗayin gashi ya sa a gasa masa a gida da citta, tafarnuwa, masoro, barkono da lemun tsami. Tsiran alade na kanti, naman gwangwani da kajin da aka yi wa allurar ruwan gishiri kafin a daskarar da su a bar su gaba ɗaya.

Yadda ake dafawa na rage fosfaras da fotasiyam (sinadarin da yawansa a jini ke rikita bugun zuciya) sosai. A yanka naman ƙanana, a zuba ruwa mai yawa wanda ya ninka naman sau huɗu ko biyar, a tafasa minti 20 zuwa 30, a zubar da ruwan, sannan a soya ko a sa a miya. Furotin na nan a tsokar, sinadaran ne ke fita cikin ruwa. Daga nan za a gane cewa romon farfesu da ake ɗura wa mara lafiya shi ne ɓangaren da bai kamata ya sha ba. Ya ci naman, ya bar romon.

An ce wake guba ne ga mai ciwon ƙoda. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Fosfaras ɗin da ke cikin wake da hatsi a ɗaure yake, hanji na ɗaukar ƙasa da rabinsa. Na nama da madara ana ɗaukar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Wanda kamfanoni ke zubawa a abinci da abin sha kuwa kusan dukkansa ke shiga jini. Shi ya sa kwalbar lemo baƙi ke da illa ta wannan fuskar. Ga wanda bai fara wanki ba ma, furotin na tsirrai ya fi sauƙi ga ƙoda domin ba ya ƙara tsamin jini kamar nama.

Abin lura a wake shi ne fotasiyam. Rabin kofin dafaffen wake na da furotin giram 6 zuwa 7, fotasiyam kusan miligiram 240, fosfaras kusan 130. Idan gwajin fotasiyam na tsakanin 3.5 da 5.0, ana iya cin wannan adadin sau biyu ko uku a mako, a madadin naman wannan lokacin. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, a tafasa a sabon ruwa minti 15, a sake zubarwa, sannan a ƙarasa dahuwa. Alala da ƙosai ba a zubar da ruwan dahuwarsu, don haka a tsawaita jiƙon, a rage yawan da ake ci, a sa farin ƙwai a cikin alalar.

Kada a sa kanwa don wake ya yi saurin nuna. Kanwa sodiyam ce ta fi yawa a cikinta, aikinta a jiki irin na gishiri ne. Ruwan toka ya fi ta haɗari, domin shi fotasiyam ne ya fi yawa a cikinsa. Ɗanwake ya haɗa kanwa da kuka, ga yaji mai dunƙule, sai a ɗauke shi abin marmari.

Awara fa?

Awara na cikin mafi kyawun abin da mai ciwon ƙoda zai samu daga tsirrai: giram 100 na ba da furotin giram 10 zuwa 15, gwargwadon yadda aka matse ta, kuma wani kaso na fotasiyam ɗin waken suya na tafiya da ruwan da ake tsiyayewa. Sharaɗi shi ne a san da me aka haɗa ta. Wasu masu sana'ar na amfani da alimun, alimun kuwa na ɗauke da alminiyam, wanda ke taruwa a ƙashi da ƙwaƙwalwar wanda ƙodarsa ba ta aiki. A yi ta a gida da ruwan tsami ko ruwan lemun tsami, kada a sa dunƙule a cikin madarar.

Me fotasiyam ke yi har ake jin tsoronsa haka?

Shi ke daidaita bugun zuciya. Idan ya haura 5.5 an shiga yankin haɗari, daga 6.0 zuwa sama kuma zuciya na iya rikicewa ko ta tsaya, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Wani lokaci akan ji nauyin ƙafafu, mutuwar jiki ko faɗuwar gaba. Mai wankin da ya ji haka ya tafi asibiti a lokacin, kada ya jira ranar layinsa.

Wankin da ya kamata sau uku ne a mako, amma tsada na sa da yawa daga marasa lafiyarmu ke yin sau biyu, wasu sau ɗaya. Duk kwanan da aka ƙara tsakanin zama da zama, fotasiyam da ruwa ƙara taruwa suke yi. Mai irin wannan hali shi ya fi kowa buƙatar kiyaye ayaba, dabino, lemun zaƙi, gwaiba, mangwaro, ruwan kwakwa, tumatirin gwangwani, alayyahu, zogale da garin kuka. Doya, dankali da dankalin turawa a fere su, a yanka ƙanana, a tafasa a ruwa mai yawa a zubar, a sake tafasawa. Hakan na rage kusan rabin fotasiyam ɗinsu. Soyawa ko gasawa ba ta rage komai.

Ba kowa ake hana waɗannan ba. Mai mataki na 2 ko na 3 da fotasiyam ɗinsa ke daidai ya ci 'ya'yan itatuwansa. Sai dai masu shan magungunan hawan jini irin lisinofiril, losartan ko sifironolakton su riƙa yin gwaji a kai a kai, domin waɗannan na riƙe fotasiyam a jiki. Gishirin kanti da ake tallata wa masu hawan jini a matsayin mai ƙarancin sodiyam kuwa da fotasiyam aka musanya shi, bai dace da mai ciwon ƙoda ba ko kaɗan.

Fura da nono, kindirmo da kunun gyaɗa?

Madara kowace iri, har nonon raƙumi, tana ɗauke da fosfaras da fotasiyam. Kofi ɗaya na da fotasiyam kusan miligiram 350. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne rabin kofi, mililita 120, a rana, na nono ko kindirmo ko madarar shayi, ɗaya daga ciki. A tabbatar an dafa nonon kafin a kafa shi. Kwanon fura da nono irin wanda muka saba sha ya ninka wannan sau uku ko huɗu, idan aka dama da garin ƙwallon kuka kuwa fotasiyam ya ƙaru.

Gyaɗa giram 100 na da fotasiyam kusan miligiram 700 da fosfaras kusan 380. Kunun gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daƙuwa, kantun riɗi da kunun aya duk a sahu ɗaya suke: ɗanɗano kaɗan lokaci-lokaci ga wanda gwajinsa ke da kyau, a bari ga wanda nasa ya hau.

To wane kayan zaƙi ya rage?

Da yawa. Waɗanda za a yi nesa da su su ne na madarar gari, wato tuwon madara, alewar madara da gullisuwa, domin madarar gari giram 100 na da fosfaras sama da miligiram 750 da fotasiyam sama da 1,300. Cakulan, Milo, Bournvita da askirim ma haka. Waɗanda aka yi da shinkafa ko fulawa, irin su nakiya, dubulan, funkaso da cincin marar madara, ba su da wannan nauyin, kuma suna taimaka wa ramamme ya samu ƙarfi. A tayar da ƙullu da yis, domin bakin foda fosfaras ne irin wanda ke shiga jini kai tsaye. A kayan kanti a duba jerin abubuwan da aka haɗa: duk kalmar da ke da haruffan PHOS, ko lambobin E338 zuwa E341 da E450 zuwa E452, fosfaras ce aka ƙara.

Ga huɗu da ke haɗa zaƙi da furotin.

Turararren farin ƙwai. A dama garin farar shinkafa babban cokali 2 da ruwa rabin kofi, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa minti 2 zuwa 3 har ya yi kauri kamar talge. A sauke, a sa sukari babban cokali 2, man gyaɗa ƙaramin cokali 2 da ɗan garin kirfa ko citta, a bari ya huce. A kaɗa farin ƙwai 4 da cokali mai yatsu har ya saki, ba sai ya yi kumfa ba, a haɗa da talgen, a tace da rariya. A zuba a gwangwani biyu da aka shafa wa mai, a rufe bakinsu, a turara minti 15 a wuta kaɗan kamar alala. Kowane gwangwani na da furotin kusan giram 8, fosfaras kusan miligiram 20, fotasiyam kusan 115. Idan ya fito da ramuka yana tsatsar ruwa, wuta ta yi yawa. Idan ya yi gudaji, talgen bai huce ba aka zuba ƙwan. Yana yin kwana biyu a firji, kuma da sanyinsa ya fi shiga ga mai tashin zuciya.

Kunun shinkafa mai ƙwai, a madadin kunun gyaɗa. A dama garin shinkafa babban cokali 2 a ruwa kofi ɗaya, a dafa har ya nuna. A kaɗa farin ƙwai 2 a wani kwano, a riƙa ɗibar kunun cokali-cokali ana zubawa a kan ƙwan ana kaɗawa har kwanon ya yi ɗumi, sannan a juye a tukunyar, a mayar wuta kaɗan minti 2 ana juyawa ba tsayawa. Wanda ya zuba ƙwan kai tsaye a tafasasshen kunu zai ga ya tsinke ya zama zare-zare. A sa sukari, a matsa lemun tsami kaɗan maimakon tsamiya. Furotin giram 8, kuma a ƙirga kofin a cikin ruwan yini.

Masa mai farin ƙwai. A yi ƙullun shinkafa da yis, ba kanwa, ba bakin foda, gishiri ɗan taɓawa. Bayan ya tashi, a kaɗa farin ƙwai 4 har ya yi kumfa, a juya shi a hankali cikin ƙullu kofi 2, a soya nan take kafin kumfar ta kwanta. Za a samu masa kusan 12, guda 4 na ba da furotin kusan giram 9. A rage wutar tanda, domin ƙwai na sa bayan ya yi saurin ƙonewa cikin bai nuna ba. A ci da zuma ƙaramin cokali ɗaya ko biyu.

Awara da abarba. A tafasa awarar gida da ba a soya ba, giram 100, minti 5, a tsane, ta huce. A niƙa da abarba rabin kofi, sukari babban cokali ɗaya da ɗan ruwan lemun tsami har ta yi laushi, a sa a firji awa 2. Furotin giram 10 ko fiye. Fotasiyam ɗinta na kai wa miligiram 200 zuwa 300, don haka ita ce 'ya'yan itacen wannan ranar.

A 'ya'yan itatuwa, tuffa ƙarama, abarba rabin kofi ko inabi kamar guda 15 su suka fi sauƙi. Kankana yanka ɗaya ƙarami, kuma ruwa ce.

Mai ciwon suga da ƙoda a tare fa?

Ya cire sukari da zuma daga girke-girken nan ko ya yi amfani da abin zaƙi na masu suga, ya ƙirga garin shinkafar a cikin abincinsa. Ya kuma sani cewa idan ƙoda ta yi rauni insulin da wasu ƙwayoyin suga na daɗewa a jiki, suga na iya faɗuwa ko da adadin maganin bai canza ba. Idan ta faɗi, a ba shi sukari babban cokali ɗaya, giram 15, a ɗan ruwa kaɗan, a sake gwadawa bayan minti 15. Kada a ba shi lemun zaƙi, ayaba, dabino ko lemo baƙi.

Fitsarina na kumfa, an ce furotin ke zuba. In ƙara cin nama don in mayar?

A'a. Ƙara nama ƙara zubar yake yi, domin yana ƙara matsin jini a cikin matatun ƙoda. Abin da ke rage zubar shi ne magungunan da likita ya rubuta, daidaita hawan jini da suga, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da dunƙule. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne.

Ba ya son ganin nama, komai ɗaci yake masa. Yaya za mu yi?

Taruwar yuriya ce ke canza ɗanɗano, nama ya riƙa yin ƙarni ko ɗanɗanon ƙarfe. A raba abinci gida biyar ko shida ƙanana. A fara ba shi ƙwai ko kifin kafin tuwo, tun cikin bai cika ba. A jiƙa nama da lemun tsami da citta kafin dahuwa, a ba shi da sanyi idan tururin ne ke tayar masa da zuciya. Ya wanke baki kafin ya ci. A ranar wanki ya karya da abinci mai ƙwai kafin ya fita, a kuma tanadar masa abin da zai ci da ya sauka daga na'ura. Cin abinci a kan na'ura na iya saukar da jini, sai da izinin ma'aikatan jinya.

A riƙa duba albumin, wato wani furotin da ke cikin jini, a takardar gwaji. Ana son ya kai giram 40 a lita. Idan ya yi ƙasa da 35, ko nauyi na raguwa, ko hannun riga ya fara yi masa yawa alhali ƙafa na kumbure, a faɗa wa likita. Akwai madarar gwangwani ta musamman irin Nepro, mai nau'in masu wanki da na waɗanda ba su fara ba. A tabbatar an sayi wadda ta dace. Garin furotin na masu ɗaga ƙarfe da jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke ciki ba a bar su, haka magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da dikilofenak.

An rubuta mini maganin ɗaure fosfaras amma gwajin bai sauka ba.

Yawanci lokacin sha ne aka kuskure. Kalsiyam kabonet, kalsiyam asitet da sebelama a cikin hanji suke kama fosfaras ɗin abinci su fita da shi ta bayan gida. Sai an sha su tare da loma ta farko ko a tsakiyar cin abinci. Wanda ya sha da asuba cikinsa wayam, ko awa biyu bayan ya ci, maganin bai tarar da abin da zai kama ba. Idan an ci nama ko nono tsakanin abinci, a tambayi likita ko shi ma yana buƙatar ƙwaya. Kada a haɗa su lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini, a raba da awa biyu.

Kunu da koko na cikin ruwan da aka ƙayyade?

Ƙwarai. Kunu, koko, fura, shayi, zoɓo, romo, miya mai ruwa, ƙanƙara da kankana duk ruwa ne. Ga mai wanki akan ƙayyade yawan fitsarin da ya yi a awa 24 a ƙara mililita 500 zuwa 750, kuma ana so kada nauyinsa ya ƙaru da fiye da kilo 2 zuwa 2.5 tsakanin zama biyu. A zafin Maris zuwa Mayu likita na iya sassautawa saboda gumi. Gishiri ne ke kawo ƙishirwa, wanda ya rage shi zai ga rabin wahalar ta tafi. Tsotsar ƙanƙara ƙarama da aka ɗiga wa lemun tsami ta fi kurɓar ruwa kashe ƙishi. Wanda bai fara wanki ba kuma ba ya kumburi, yawanci ba a rage masa ruwa.

Azumi fa, da buɗe-baki da dabino?

Likitoci na sanya masu mataki na 4 da na 5, masu wanki, da waɗanda aka yi wa dashe bai kai shekara ba a cikin waɗanda azumi ke iya cutarwa sosai, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Mai mataki na farko-farko da ke son yi ya ga likitansa wata guda kafin Ramadan a daidaita masa magunguna, a sake gwaji bayan mako na farko. Teburin buɗe-baki ya tara duk abin da muka lissafa: dabino, kunun gyaɗa, ƙosai, soyayyen dankali, lemu da kankana a zama ɗaya. Ƙaramin dabino guda na da fotasiyam kusan miligiram 50, babba mai laushi na haura 150. Guda ɗaya ƙarami ya wadatar, ko a buɗe baki da ruwa, sannan a raba furotin ɗin yini tsakanin buɗe-baki, bayan tarawihi da sahur.

Bayan dashen ƙoda dokokin na nan?

Yawancinsu na sauka. A makonnin farko ana ƙara furotin sosai don rauni ya warke, daga baya a dawo daidai da na kowa. Madara da wake kan dawo, wani lokaci ma likita ne zai ce a ƙara su saboda fosfaras ya yi ƙasa. Sabuwar dokar ita ce tsafta, domin magungunan hana jiki ƙin ƙodar na rage garkuwa: ba nonon da ba a dafa ba, ba ƙwai mai ruwa-ruwa, ba tsiren da ya yini a kan tire. Garehul, wani babban lemu mai ɗaci-ɗaci, da ruwansa haramtattu ne ga mai shan takrolimus ko saikulosforin, domin suna sa maganin ya taru a jini har ya cutar da sabuwar ƙodar. Waɗannan magungunan da firedinisolon na iya tayar da suga, don haka a ci gaba da auna ta ko da mutum bai taɓa yin ciwon suga ba.